Tarbiyyar Wasiƙa a Ƙasar Hausa, Daga Zamanin Hatimi Zuwa Na Imel

Duk wanda ya dubi irin faman da iyaye da malaman makaranta suke yi a wannan zamani wajen koya wa yara rubuta saƙon imel, yadda za su buɗe shi da gaisuwa, su rufe shi da ladabi, su kuma kiyaye kansu daga mayaudaran da ke laɓe a bayan adireshin da ba su sani ba, zai iya zaton wata sabuwar mas'ala ce ta faɗo mana daga ƙasashen Turawa tare da kwamfuta. Alhali kuwa idan aka koma ga tarihi, za a tarar tun ƙarnuka da dama da suka shuɗe malaman wannan ƙasa sun san wasiƙa tana da fuska biyu, fuskar adabi da fuskar amana, kuma ba su taɓa sakin alƙalami ga almajiri ya rubuta wa wani babba takarda ba sai sun tabbata ya riƙi dukkansu biyu.

Asalin ƙa'idar daga Musulunci ta zo mana. Malaman hadisi sun ruwaito cewa lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakunan duniya yana kiransu zuwa ga addini, irin su Hiraƙlu na Rum da Kisra na Farisa, aka gaya masa waɗannan sarakuna ba su karanta takardar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa, aka zana sunansa a kai. Wannan zobe ya bi hannun Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, har zuwa Sayyidina Usman, wanda a zamaninsa ya faɗa cikin rijiyar Aris aka neme shi aka rasa. A zamanin shi wannan Halifa na uku ne kuma al'umma ta ɗanɗani ɗacin takardar da ba a san marubucinta ba, domin a shekara ta 35 bayan Hijira, mutanen Masar da suka zo Madina da koke a kan gwamnansu, suna kan hanyarsu ta komawa suka kama wani ɗan aike ɗauke da takarda mai hatimin Halifa tana umurni a hukunta su, suka juyo a fusace, Sayyidina Usman kuwa ya rantse bai rubuta ba, bai kuma sa kowa ya rubuta ba. Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk ɗalibin tarihi. Ni dai ban san wani darasi da ya fi wannan dacewa a fara koya wa yaron da aka buɗe wa akwatin imel ba: ganin sunan mutum a kan saƙo ba hujja ba ne cewa shi ya aiko, tun da har hatimin Halifa an yi jayayya a kansa.

A nan ƙasashen Sudan ta Tsakiya, rubutun wasiƙa tsakanin sarakuna ya tsufa ƙwarai. Malamin nan na Masar, Alƙalƙashandi, wanda ya wallafa babban kundinsa Subhul A'asha don koyar da magatakardan fada, ya adana a cikinsa wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ a wajen 1391, yana kukan wasu Larabawa da ke kai wa talakawansa hari suna sayar da su bayi alhali Musulmi ne. Bayan haka da kimanin ƙarni guda, Shehu Magili ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma cikin nasihar da ya rubuta a kan abin da ya wajaba ga sarakuna ya lissafa marubuta da manzanni a cikin mutanen da fada ba ta tsayuwa sai da su. Jalaluddin Suyuɗi ma daga Alƙahira ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar wa'azi a kusan wannan lokaci.

Amma inda sana'ar ta kai maƙura shi ne bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin daular da ta miƙe daga Gwandu har Adamawa ba ta da wata igiya da ke ɗaure ta bayan bai'a sai takarda. Muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno a kan halaccin yaƙar mutanen da ke salla, wadda Bello ya shigar da ita cikin Infaƙul Maisuri, ta wasiƙa aka yi ta, kuma ko da yake kowannensu yana tuhumar ɗan'uwansa da babban kuskure, ga kuma jini yana zuba a kan iyaka, muhawarar ta gudana ne da aya da hadisi da hujjar fiƙihu irin ta malamai. Gidan Wazirin Sakkwato, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ya zama mahaɗar yawancin takardun da ke kai da kawowa tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas. Takardar kanta daga nesa take zuwa, mafi yawa ƙirar Italiya mai alamar jinjirin wata uku a jikinta, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus ko Masar su ratso hamada da ita; saboda haka tana da tsada, ba a ɓarnarta, magatakarda ba ya tsoma alƙalaminsa cikin kurtu sai ya gama tsara maganar a zuciyarsa. Ya buɗe da bisimilla da salati, ya ambaci wanda takardar ta fito daga gare shi da wanda aka nufa, kowa da laƙabin da ya cancanta, ya kawo gaisuwa da aminci, sa'an nan ya ce amma ba'adu, ya faɗi buƙata cikin 'yan layuka, ya rufe da haza wassalam. Galibin waɗannan takardu gajeru ne, da yawansu ko kwanan wata ba su ɗauke da shi, domin manzon da ke riƙe da su sananne ne, sau da yawa a ambace shi a cikin takardar, kuma abin da ya yi nauyi a rubuta a bakinsa ake ɗora shi. Wato tsaron wasiƙa a wancan zamani a kan abu uku ya dogara: hatimin da aka sani, hannun magatakardan da aka saba gani, da fuskar jakadan da aka yarda da shi. In ɗaya ya saɓa, sai a dakata a bincika.

Hikimar barin babban sirri a bakin manzo ta bayyana a 1903. Da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka shiga Sakkwato a watan Maris, sai suka tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, cikinsu akwai kukan Lamiɗo Zubairu bayan faɗuwar Yola, da shawarar Sarkin Kano Alu a kan hijira, da rahotannin sarakuna a kan motsin Nasara. Waɗannan takardu, waɗanda masu su suka rubuta cikin amana ga shugabanninsu, aka fassara su da Ingilishi, wani jami'in mulkin mallaka mai suna Backwell ya buga su littafi a Ikko a 1927, kowa ya karanta. Babu ɗaya daga cikin marubutan da ya aikata abin kunya. Amma abin lura shi ne babu kuma ɗaya daga cikinsu da ya taɓa kawo wa ransa cewa abokin gabarsa ne zai zama mai karatunsa na ƙarshe. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. To, rubutacciyar magana ta fi haka, domin tana zama tana jiran wanda ba a rubuta dominsa ba.

To ta yaya aka koyar da wannan fanni? Ba a fada kaɗai ba. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano a wajen 1858, ɗan wani bafataken goro, wanda daga baya ya zauna Salaga ya kuma zama limamin Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau har rasuwarsa a 1934, tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa wani ɗan littafi da Larabci mai suna Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, wanda ya tara misalan takardu don mai koyo ya ga yadda ake fuskantar kowane irin mutum gwargwadon matsayinsa. Ba mamaki ne ɗan fatake ya ga buƙatar wannan, domin hanyar Gwanja tafiyar watanni ce, mai gida a zango yana riƙe da dukiyar baƙonsa, bashi yana ratsa garuruwa, kuma abin da ke riƙe da wannan duka shi ne 'yar takarda da aka naɗe aka cusa cikin gafaka. Haka ma alhazan ƙasa, waɗanda ke shekaru a hanyar Wadai da Darfur, wasu ma su zaune a Sudan ba su dawo ba, ta hannun masu komowa suke aiko da labarin raye suke. Almajiri yakan koyi siga ta hanyar kwafe takardun malaminsa, ya haddace mabuɗi da marufi, ya san wanda ake ce wa Allah ya gafarta Malam da wanda ake ce wa Allah ya ba ka nasara, kuma takardarsa ta farko ba ta fita zaure sai malam ya duba ta.

Zuwan Turawa ya sauya kayan aiki. Baturen nan da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gidajen waya suka bazu a manyan garuruwa, aka san ambulan da kan sarki da akwatin gidan waya, kuma a karo na farko talaka ya sami ikon aika takarda gari mai nisa ba tare da ya san wanda zai ɗauke ta ba. A bakin gidan waya da bakin kotu aka sami malamai masu ɗan tebur da ke rubuta wa mutane takarda a biya su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin editanta, ta buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, inda mutum zai yi wa hukuma gyara a bainar jama'a, ya kuma koyi yin haka ba da ashar ba. Sojojinmu da aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu suka yi ta rubuto wa gida. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya sa dattawa masu furfura suka zauna a ƙarƙashin itace suna koyon baƙi da wasali, babban burin da yawansu kuwa shi ne su karanta takardarsu da kansu, kada wani ya ji asirinsu. Sa'an nan ga rediyo, tun daga buɗe sashen Hausa na BBC a 1957 da gidan rediyon Kaduna a 1962, inda masu zaɓi sonka da masu aika tambayoyi suka mai da rubutun takarda abin yau da kullum.

A nan ne nake son in daɗe, domin a ganina makarantar wasiƙa mafi girma da aka taɓa yi a ƙasar nan ba ta da aji ba ta da allo. A ƙauye ko unguwar da ɗan makarantar boko ɗaya ne ko biyu, shi ne magatakardan kowa. Gwaggo ta kira shi ɗaki bayan sallar isha'i, ta ba shi takardar da ɗanta ya aiko daga Kurmi, ya karanta mata a hasken aci-balbal, ta yi kuka ko ta yi murna, sa'an nan ta ce ɗauko alƙalaminka. Ta faɗa ya rubuta: bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke lafiya, Kawu yana gaishe ka, Inna tana gaishe ka, a bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya bisa girmansu, kada a tsallake kowa, domin wanda aka tsallake zai ji. In ɗan fari ne ake rubuta wa, ba za ta kama sunansa ba, yaron kuwa dole ya san yadda zai rubuta ba tare da ya keta mata kunya ba. In ta hasala ta faɗi kalma mai zafi a kan surukarta, yaro mai hankali ya ɗaga kai ya ce, Gwaggo, a rubuta haka? Sau da yawa ta yi shiru ta ce a'a, bar shi. Da ya gama ya maimaita mata daga farko har ƙarshe, ta gyara, kafin a liƙe. Kafin ya fita kuma ta ja kunnensa cewa abin da ya ji a ɗakin nan a nan ya tsaya. Yaron da ya yi wannan hidima ya san bashin da ke kan wane, ya san auren da ke tangal-tangal, ya san wanda ya aiko da kuɗi da wanda ya yi shiru, kuma ya san ranar da ya furta ɗaya daga cikin waɗannan a dandali, ba wanda zai sake kiransa, ga kuma bulalar Baba. Da haka ladabi da riƙon asiri suka shiga jikinsa tare, yana yi wa manya aiki a gaban idonsu.

Imel kuwa a Amurka aka haife shi. A 1971 wani injiniya mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da ke riƙe da akwatinsa. Bai zama na kowa da kowa ba sai da aka sami masu ba da akwati kyauta, Hotmail a 1996, Yahoo a 1997, Gmail a 2004; mu kuma a nan ya iso mu ne ta shagunan intanet na farkon shekarun 2000, sa'an nan ta wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Abin baƙin ciki, kafin yawancin 'ya'yanmu su san imel, sunan ƙasarmu ya riga ya ɓaci a cikinsa, saboda takardun damfara da ake kira 419, da lambar wani sashe na kundin dokokin laifuffuka, waɗanda tun shekarun 1980 ake aika su ta gidan waya da na'urar faks kafin su koma intanet. Mai lura zai ga waɗannan takardu ba su rasa ladabi ba ko kaɗan. Cike suke da gaisuwa da laƙabi da ambaton Allah. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ya koya wa yaro daɗin baki bai koya masa tuhumar daɗin baki ba, rabin aiki ya yi. An kafa hukumar EFCC a 2003, an yi dokar laifuffukan intanet a 2015, amma doka tana zuwa ne bayan an riga an cuci mutum.

Babban abin da ya sauya, a fahimtata, shi ne ayyukan da dā aka raba wa mutane huɗu ko biyar yanzu sun taru a hannun yaro ɗaya. Shi ne mai magana, shi ne magatakarda, shi ne mai riƙe da hatimi, wato kalmar sirrinsa, shi ne kuma mai tsaron ƙofa da ke yanke hukunci a kan wane baƙo za a buɗe wa. Babu tsadar takarda da za ta tilasta masa tunani, babu tafiyar ƙafa zuwa gidan waya da fushi zai huce a cikinta, babu Gwaggo da za a maimaita wa. Shi ya sa malami yakan buɗe akwatinsa ya ga saƙo daga ɗalibi babu kan magana, babu sallama, babu sunan mai aikowa, sai buƙata tsirara cikin gutsattsarin kalmomi. Kuma ban ga laifin yaron ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi. Kamfanonin da ke ba da akwatin, a mafi yawan ƙasashe, sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mallakarsa ba tare da kulawar iyaye ba, amma cika shekara ba ya sa hankali.

Abin da magabata suka bari ya ishe mu manhaja, in an fassara shi zuwa sabon kayan aiki. Sigar tsohon magatakarda tana nan daram: a sa kan magana a gurbinsa, a yi sallama da laƙabin da ya dace, yaro ya faɗi ko shi wane ne da ajinsa, ya kawo buƙatarsa a layukan farko, ya yi godiya ya sa suna, sa'an nan ya karanta da ƙarfi kafin ya taɓa maɓallin aikawa, in kuwa ransa a ɓace yake ya bari sai gobe. Binciken hatimi shi ne duba adireshin mai aikowa harafi bayan harafi, domin mayaudari yakan canza harafi ɗaya tak a sunan banki ko makaranta. Suratul Hujurati ta umurci muminai su nemi tabbaci a kan labarin da wanda ba amintacce ba ya kawo musu, kada su cuci wasu cikin jahilci su dawo suna nadama, malaman hadisi kuma sun gina ilmin isnadi a kan tambayar daga wa ka ji; yaron da ya saba da wannan tambaya ba zai yi gaggawar taɓa mahaɗin da aka turo masa ba, ko buɗe abin da aka maƙalo, ko tura wa wasu saƙon da bai san tushensa ba, musamman wanda ke cewa ya ci wata kyauta ko za a rufe akwatinsa in bai hanzarta ba. Darasin gidan Waziri Buhari kuma shi ne a san abin da ba a rubutawa sam: kwatancen gida, sunan makaranta ga baƙo, hoton jiki, lambobin banki, asirin iyaye. Sai kuma a tabbatar wa yaro cewa in wani saƙo ya tsorata shi ko ya kunyata shi, ya kawo wa Baba ko Inna ko Yaya, ba za a fara da duka ko ƙwace waya ba, domin yaron da ke tsoron hukunci ɓoyewa yake yi, mai cutar yara kuwa da wannan ɓoyewa yake aiki.

Akwai wani wuri guda da nake ganin ana sakaci kowace shekara, shi ne lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a, inda hukumar JAMB take buƙatar kowane ɗalibi ya ba da adireshin imel. Yara da yawa a ranar ce suke mallakar akwatinsu na farko, a cikin cunkoson shagon rajista, mai shago ya zaɓa musu suna, ya zaɓa musu kalmar sirri, ya rubuta a bayan rasit, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a matsayin hanyar dawo da akwatin in an manta. Yaro ya tafi da takardar a aljihu, ta jiƙe a wanki, bayan wata shida a nemi shiga a kasa, ko kuwa akwatin ya zauna a buɗe ga wanda ba shi ba, alhali cikinsa ne saƙonnin makaranta da na neman tallafin karatu da na neman aiki za su riƙa faɗowa shekara da shekaru. Da uba ko yaya zai zauna da shi mako guda kafin wannan rana, su buɗe akwatin tare da lambar wayar gida, yaron ya zaɓi kalmar sirri mai tsawo da kansa ya haddace ta, sa'an nan ya rubuta saƙonsa na farko zuwa ga kawunsa da ke wani gari, a duba masa kafin ya aika, da ya shiga shagon yana riƙe da hatiminsa a hannunsa, ba sai ya karɓa daga hannun wani ba.